Idan ɗan sanda ya ci zali, daga aljihun wa diyya ke fita? Abin da jihohin Amurka suka sauya bayan 2020

A Amurka babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya da ke karɓar umarni daga shugaba ɗaya. Hukumomin da ke da ikon kama mutum sun kai kusan 18,000: na birane, na gundumomi ƙarƙashin sharif wanda galibi jama'a ke zaɓa, na jihohi, har da na jami'o'i. Gwamnatin tarayya ba ita ke ɗaukar ɗan sandan birni aiki ba, ba kuma ita ke korarsa ba. Shi ya sa da wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, baƙar fata, a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, hankali ya koma kan majalisun dokoki na jihohi. Majalisar wakilai ta tarayya ta amince da ƙudirin da aka sa wa sunansa har sau biyu, a 2020 da kuma Maris 2021, amma ya maƙale a majalisar dattawa, tattaunawar da ake yi a kansa ta watse a Satumba 2021. Mafi yawan abin da ya sauya a dokance, a jihohi ya sauya.

Dokokin da aka yi suna da yawa, sunayensu kuma masu daɗin ji ne. A ganina sunan ba ya gaya wa mai karatu komai. Wanda ke son sanin ko dokar hukunta 'yan sanda tana da haƙori, sai ya tsallake gabatarwarta ya nemi sashen da ya faɗi wanda zai biya kuɗi da wanda zai yanke hukunci, sannan ya duba abin da zai sami wanda ya ƙi bin ta. A nan ne jihohin suka sha bamban ƙwarai.

Tsohuwar hanya da inda take toshewa

Kafin 2020, wanda ɗan sanda ya zalunta yakan nufi kotun tarayya ne da wata doka ta 1871, wadda lauyoyi ke kira Sashe na 1983. An yi ta bayan yaƙin basasa domin kare baƙaƙen fata daga 'yan Ku Klux Klan da jami'an da ke mara musu baya. Ta ce duk wanda ya fake da ikon hukuma ya tauye wa wani haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, ana iya neman diyya a kansa. A cikin rubutun dokar babu maganar rigar kariya. Kotun Ƙoli ce ta ɗinka ta, da farko a shari'ar Pierson ta 1967, sannan ta ba ta siffar da take da ita yau a shari'ar Harlow ta 1982: ba za a kama jami'i da biyan diyya ba sai in haƙƙin da ya tauye ya riga ya tabbata a fili a lokacin da ya aikata abin.

A aikace, "tabbata a fili" yana nufin lauyan mai ƙara ya nemo wani hukunci da ya gabata, na Kotun Ƙoli ko na kotun ɗaukaka ƙara ta yankin, wanda abin da ya faru a cikinsa ya yi kama sosai da nasa. A Nashville wani mutum ya ce yana zaune a ƙasa, hannayensa a sama, aka sakar masa karen 'yan sanda. Akwai tsohon hukunci da ya hana sakar wa wanda ya miƙa wuya kare, sai dai shi wancan kwance yake. Kotu ta bar wa jami'an rigarsu, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Yuni 2020. A Fresno an zargi 'yan sanda da yin sama da faɗi da kuɗi da sulalla masu daraja na sama da dala 225,000 lokacin binciken da kotu ta ba da izini. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko da zargin gaskiya ne, babu hukuncin da ya taɓa tabbatar da cewa satar abin da aka ƙwace da izinin kotu ta saɓa wa tsarin mulki.

Abubuwa biyu suka ƙara wa rigar kauri. Tun 1985 jami'in da alƙali ya hana wa kariya yana iya ɗaukaka ƙara nan take, kafin a fara sauraron shaidu, abin da kan tsayar da shari'a shekara ɗaya ko fiye. Tun shari'ar Pearson ta 2009 kuma alƙali yana da damar cewa haƙƙin bai tabbata ba, ya kori ƙara, ba tare da ya faɗi ko an tauye haƙƙin ko ba a tauye ba. Ke nan wanda zai zo da irin wannan ƙarar baɗi shi ma ba zai sami hukuncin da zai dogara da shi ba.

To me zai hana a kai ƙarar birnin da ya ɗauki jami'in aiki? Ana kaiwa, amma shari'ar Monell ta 1978 ta ce ba a kama birni don kawai ma'aikacinsa ya yi laifi. Sai mai ƙara ya nuna cewa wata manufa ce ta birnin, ko wata ɗabi'a da ta zama jiki a rundunar, ta haifar da cutar. Wannan yana buƙatar takardun shekaru, da ƙwararrun shaidu, da kuɗi masu yawa.

Jiha ba ta da ikon taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin dokar tarayya ce. Abin da take iya yi shi ne ta buɗe wata ƙofa ta daban a kotunanta, bisa nata tsarin mulkin, ta ce a wannan ƙofar ba a shiga da riga.

Kolorado da Niyu Meziko: ƙofa ɗaya, aljihu daban

Kolorado ce ta fara. Gwamna Jared Polis ya sa hannu kan dokar SB 20-217 ranar 19 ga Yuni 2020, ƙasa da wata guda bayan mutuwar Floyd, ga kuma raɗaɗin mutuwar Elijah McClain bayan kamun 'yan sanda a birnin Aurora na jihar a 2019 bai huce ba. Dokar ta ba mutum damar kai ƙarar ɗan sanda shi kansa a kotun jiha idan ya tauye masa haƙƙin da ke cikin tsarin mulkin Kolorado, har da jami'in da ya tsaya yana kallo bai hana ba. Ta ce rigar kariya ba hujja ba ce. Ta cire iyakar diyyar da ke kare hukumomi a sauran ƙararraki. Mai ƙarar da ya yi nasara ana biya masa kuɗin lauya, wa'adin shigar da ƙara kuma shekara biyu ne.

Sashen da aka fi cece-ku-ce a kansa shi ne na biya. Asali hukumar da ta ɗauki jami'i aiki ce ke biyan diyyar. Amma idan ita hukumar ta yanke cewa jami'in bai yi aikin da kyakkyawar niyya da amanna mai tushe cewa abin da yake yi halal ne a doka ba, to zai biya kashi 5 cikin 100 na diyyar ko dala 25,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Idan diyyar dala 200,000 ce, nasa 10,000. Idan 500,000 ce, nasa 25,000. Idan miliyan 3 ce, nasa dai 25,000 ɗin ne, ba ya wuce nan. In kuma aka rasa abin da za a karɓa a hannunsa, hukumar ce za ta cike, don kada wanda aka zalunta ya tashi a tutar babu.

A lura da wanda aka ba wuƙa da nama: mai gidan jami'in ne ke yanke ko yana da kyakkyawar niyya, ba alƙali ba. Birnin da ke fama da ƙarancin ma'aikata, yana kuma zaman ciniki da ƙungiyar 'yan sanda kan albashi, ba shi da wani abin da zai ƙaru da shi idan ya ce jami'insa ya yi da mugun nufi. Ba a yi wata guda ba majalisar wani ƙaramin birni mai suna Greenwood Village ta zartar da ƙudiri a Yuli 2020 cewa ba za ta taɓa samun jami'inta da rashin kyakkyawar niyya ba. Sai da majalisar jiha ta dawo a 2021 da dokar HB 21-1250 ta hana yanke irin wannan hukunci tun kafin abu ya faru, ta wajabta bincike a rubuce, ta kuma shigar da 'yan sandan jiha waɗanda dokar farko ta bari a waje. An toshe ramin da ya fito fili, amma har yanzu alƙalamin yana hannun hukumar.

Niyu Meziko ta bi wata hanya. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa da Gwamna Michelle Lujan Grisham ta sa wa hannu a Afrilu 2021, ta fara aiki 1 ga Yuli na shekarar, ita ma ta hana fakewa da rigar kariya. Sai dai a ƙarƙashinta ba a kai ƙarar jami'i ko kaɗan, hukumar kawai ake kaiwa, kuma hukumar tana ɗaukar laifin ma'aikacinta kai tsaye ba tare da wahalar Monell ba. Ba 'yan sanda kaɗai ta shafa ba, ta haɗa da gidajen yari da makarantu da sauran ma'aikatun gwamnati. An sa iyakar dala miliyan 2 ga kowane mai ƙara, kuɗin lauya da na shari'a duk a ciki, ana kuma ɗaga iyakar gwargwadon hauhawar farashi. Wa'adi shekara uku.

Mutane da yawa suna ganin ta Kolorado ta fi zafi saboda ta taɓa aljihun jami'i. Ni kuwa na fi ganin gaskiya a ta Niyu Meziko, domin ta rubuta abin da dama shi ke faruwa. Farfesa Joanna Schwartz ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta bi diddigin diyyar da aka biya a hukumomi 81 tsakanin 2006 da 2011, ta gano cewa gwamnatoci ne suka biya kusan kashi 99.98 cikin 100 na kuɗin. Ko da aka kori jami'i, ko aka ci shi tarar ladabtarwa, da wuya ya fitar da nasa. Dala miliyan 27 da Minneapolis ta biya iyalan Floyd, da miliyan 12 da Louisville ta biya iyalan Breonna Taylor wadda 'yan sanda suka harbe a gidanta, da miliyan 15 da Aurora ta biya iyalan McClain, duk daga baitulmali ko inshorar birni suka fito. Jaridar Washington Post ta ƙididdige sama da dala biliyan 3.2 a manyan rundunoni 25 cikin shekara goma. An bar jaki ana dukan taiki, musamman a biranen da kuɗin ke fita daga babban asusu, kasafin rundunar kuma bai ko girgiza ba. A ƙananan garuruwa ne abin ke ciwo, domin kamfanin inshora ko asusun haɗin gwiwa na garuruwa yana iya ƙara musu kuɗin shekara, ko ya gindaya sharaɗin sauya horo, ko ya janye gaba ɗaya.

Haka nan, ita Schwartz ɗin ta duba ƙararraki 1,183 ta ga cewa ƙasa da kashi 4 cikin 100 na waɗanda ake iya kawo hujjar rigar a cikinsu ne aka kora saboda ita. Illarta ta fi yawa a jinkiri da tsada, da kuma lauyoyin da ke ƙin karɓar ƙara tun farko saboda ba a biyansu sai an ci nasara. Saboda haka sashen biyan kuɗin lauya, wanda ba kowa ke kula da shi ba, yana iya fin cire rigar tasiri ga talakan da aka karya wa hannu amma bai mutu ba, wanda diyyarsa ba za ta ja hankalin babban lauya ba.

Sauran jihohin sun tsaya a tsakiya. Connecticut ta buɗe ƙofar ƙara a 2020 amma ta bar kariya ga jami'in da ke da kyakkyawan zato mai tushe cewa bai karya doka ba, wato kusan tsohuwar rigar da sabon ɗinki. Abin da ta cire mai amfani shi ne ɗaukaka ƙara a tsakiyar shari'a. Massachusetts ta cire rigar ne kawai ga wanda aka riga aka soke wa lasisin aiki. Birnin Niyok ya yi tasa dokar a 2021 kan bincike da kame da amfani da ƙarfi fiye da kima. A Nevada kotun ƙolin jiha ce ta yanke a Disamba 2022 cewa babu riga a ƙarar da ta dogara da tsarin mulkin jihar. Iowa kuma ta yi akasin haka: a 2021 ta rubuta rigar a cikin dokar jiha da hannunta.

Lasisi ya fi kora

Korar ɗan sanda daga runduna ba ta nufin ya bar aikin. A 2017 Washington Post ta gano cewa cikin jami'ai 1,881 da manyan rundunoni suka kora tun 2006, an mayar da 451 bakin aiki bayan ɗaukaka ƙara, galibi ta hannun mai sasanci da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta tanada. Dalilan da mai sasanci kan kafa sanannu ne: an wuce wa'adin kammala bincike, ko an taɓa yi wa wani jami'i sassauci kan laifi iri ɗaya, don haka korar wannan ta zama bambanci. Rundunar da ta yi sakaci jiya ta ɗaure hannunta na yau. Oregon ta yi ƙoƙarin magance wannan a 2020 da dokar da ta hana mai sasanci sassauta hukunci idan ya yarda an yi laifin kuma hukuncin ya dace da jadawalin horo da aka amince da shi.

Wanda kuma bai dawo ba sai ya tsallaka gundumar maƙwabta. Binciken Ben Grunwald da John Rappaport a Filorida ya nuna cewa a kowace shekara akwai kimanin jami'ai 1,100 da aka taɓa kora suna aiki a wata runduna a jihar, kuma sun fi sauran yiwuwar a sake korarsu. Jami'in da ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a Cleveland a 2014, wata ƙaramar runduna ta riga ta rubuta cewa bai dace da aikin ba. Wanda ya harbe Sonya Massey a gidanta a Illinois a Yuli 2024 ya yi aiki a hukumomi shida cikin shekara huɗu.

Maganin da ke hannun jiha shi ne lasisi. Kowane ɗan sanda yana aiki ne da takardar shaidar da hukumar horo da ƙa'idojin aiki ta jiha ta ba shi. In aka soke ta, babu rundunar da za ta ɗauke shi a jihar. Massachusetts ta kafa irin wannan hukuma da dokar ƙarshen Disamba 2020. Kalifoniya, wadda ke cikin jihohi huɗu na ƙarshe da ba su da ikon sokewa, ta samu nata da dokar SB 2 ta 2021. Abin dubawa a irin wannan doka shi ne ko sai kotu ta sami jami'i da babban laifi kafin a soke, ko ƙarya a rahoto da cin zali da lalata shaida sun isa. Sai kuma batun murabus. Tsohuwar dabara ita ce jami'i ya ajiye aiki ana tsakiyar bincike, a rufe fayil, ya tafi da takarda fes. Dokar Kalifoniya ta wajabta wa runduna ta sanar da hukumar jiha cikin kwana 10, ta kuma kammala binciken ko da mutumin ya tafi. Tsakanin jiha da jiha kuwa har yanzu akwai giɓi. Akwai rajistar ƙasa ta waɗanda aka soke wa lasisi, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke riƙe da ita, kuma abin da jihohi suka aika kawai ke ciki. Ma'ajiyar bayanan jami'an tarayya da aka buɗe a Disamba 2023 an rufe ta a Janairu 2025 da sauyin gwamnati.

Maryland ta yi abin da ba a zata ba a Afrilu 2021: ta soke dokar kare haƙƙin 'yan sanda ta 1974, irinta ta farko a ƙasar, duk da Gwamna Larry Hogan ya hau kujerar naƙi. Wannan dokar ce ta taɓa ba jami'i kwana 10 kafin a yi masa tambayoyi, aka rage zuwa biyar a 2016. Yanzu kwamitin farar hula ne ke duba ƙorafin jama'a ya yanke ko a ɗauki matakin ladabtarwa kan jami'i. An kuma ɗaga iyakar diyya daga dala 400,000 zuwa 890,000. Jihar Niyok ta soke sashe na 50-a a Yuni 2020, wanda ya ɓoye takardun ladabtar da 'yan sanda tun 1976, kodayake an shafe shekaru ana shari'a kan ko sokewar ta haɗa da ƙorafin da ba a tabbatar ba.

Yaushe harbi ya halatta

Ma'aunin tarayya ya fito daga shari'u biyu. Garner ta 1985 ta hana harbin mai gudu sai in yana barazanar kisa ko mummunan rauni. Graham ta 1989 ta ce a auna ƙarfin da aka yi amfani da shi da idon jami'i mai hankali da ke wurin a lokacin, ba da idon wanda ya zauna daga baya yana nazari ba. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake buƙata, jiha tana iya tsaurarawa. Kalifoniya ta yi haka a 2019 da dokar AB 392 bayan kisan Stephon Clark a Sacramento: kisa ba ya halatta sai in ya zama dole don kare rai. Amma kafin ƙudirin ya wuce sai da aka cire sashen da ya fassara "dole" da cewa babu wata hanya ta daban, domin ƙungiyoyin 'yan sanda su janye adawa. An bar wa kotuna su cike gurbin. A jihar Washinton, kafin ƙudirin jama'a na 2018 mai lamba 940, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da mugun nufi a zuciyar jami'i, abin da kusan ba ya yiwuwa. Bayan cire wannan sharaɗi an wanke jami'ai uku a shari'ar mutuwar Manuel Ellis a hannun 'yan sanda a Disamba 2023, aka kuma sami wani jami'in Auburn da laifin kisa a Yuni 2024. Sauya doka yana buɗe ƙofar kotu, amma ba ya sauya tunanin mutanen gari goma sha biyun da ake zaɓa su yanke hukunci.

Washinton ɗin ce kuma ta fi kowa nuna illar rubuta doka da gaggawa. Dokar 2021 ta hana rundunoni makamai masu faɗin baki .50 zuwa sama da nufin kayan soja, sai ga shi ta haɗa da bindigogin harba buhunan ƙwarya da harsashin soso, waɗanda ake amfani da su don kauce wa kisa. Wata dokar ta taƙaita amfani da ƙarfi ta yadda wasu rundunoni suka daina amsa kiran masu taɓin hankali, suna cewa ba su da ikon taɓa su. Duka biyun sai da aka gyara a 2022. Bin mota a guje da aka taƙaita ga manyan laifuka tare da ƙwaƙƙwaran dalili, an sassauta shi a 2023, a 2024 kuma majalisa ta karɓi ƙudirin jama'a mai lamba 2113 da ya mayar da shi kan zargi mai tushe na karya doka. A Minesota an rubuta cewa dole jami'in da kansa ya iya bayyana barazanar da ta sa ya yi harbi. Alƙali ya soke wannan gaɓar a Disamba 2021 saboda tana tilasta wa wanda ake tuhuma ba da shaida a kan kansa.

Wannan batu na tilasta magana yana da tarko ga masu bincike. Bisa shari'ar Garrity ta 1967, bayanin da aka karɓa daga jami'i da barazanar kora ba ya shiga shari'ar laifi. Idan mai binciken cikin gida ya miƙa wa mai gabatar da ƙara irin wannan bayani, yana iya lalata shari'ar gaba ɗaya, don haka ake raba tawagar biyu. Wisconsin ta wajabta binciken waje kan mutuwa a hannun 'yan sanda tun 2014. Niyok da Maryland sun miƙa irin waɗannan shari'u ga ofishin antoni janar na jiha, domin mai gabatar da ƙara na gunduma kullum da 'yan sandan garin yake aiki.

Kan kyamarar jiki, jihohi da dama sun ce a saka, kaɗan ne suka faɗi abin da zai faru in ba a kunna ba. Kolorado ta wajabta ta daga 1 ga Yuli 2023. In jami'i bai kunna ba ko ya taɓa hoton, kotu tana iya ɗauka cewa abin da ya ɓace zai nuna laifinsa ne, kuma maganar da ya ce wanda ake tuhuma ya faɗa a lokacin ana ɗaukarta ba karɓaɓɓiya ba sai ya kawo hujja. In da gangan ne don ɓoye laifi, lasisinsa na cikin haɗari. Idan an shigar da ƙorafi, a saki hoton cikin kwana 21. Rashin hana abokin aiki cin zali kuma laifi ne da ake ɗauri a kansa, an kuma riga an ɗaure wata jami'a kwana 45 a Loveland bayan kamun wata tsohuwa 'yar shekara 73 mai ciwon mantuwa.

Faɗa wa gida ba sallama, wanda aka ba da izininsa a samamen da ya yi ajalin Breonna Taylor a Maris 2020, Birjiniya ta hana shi a shekarar, Kentucky ta taƙaita shi a 2021, Minesota ta ƙara tsaurarawa a 2023 bayan kisan Amir Locke. Raunin irin waɗannan dokoki shi ne daƙiƙa nawa za a jira bayan ƙwanƙwasa ƙofa. Kotun Ƙoli ta taɓa amincewa da daƙiƙa 15 zuwa 20, a 2006 kuma ta ce rashin yin sallama ba ya sa a yi watsi da shaidar da aka samo. Sai jiha ta rubuta watsin a dokarta, kamar yadda Birjiniya ta yi.

Guguwar da ta juyo

Daga 2021 wasu jihohi suka yi amfani da ikon nasu wajen ɗaure hannun birane. Tekzas ta tanadi hukunci ga biranen da mutanensu suka haura 250,000 idan suka rage kasafin 'yan sanda, Jojiya ta hana ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100 a shekara. Tennessee ta rushe kwamitocin sa ido na farar hula masu ikon bincike a 2023, a 2024 kuma ta soke dokar da Memphis ta yi ta hana tsayar da mota kan ƙananan laifuka bayan kisan Tyre Nichols. Filorida ta karɓe ikon binciken ƙorafi daga kwamitocin farar hula daga Yuli 2024, daga Janairu 2025 kuma laifi ne mutum ya matso ƙasa da ƙafa 25, wajen mita bakwai da rabi, kusa da jami'i bayan an gargaɗe shi, idan da nufin tsangwama ko hana aiki ne. Kotunan tarayya sun dakatar da makamantanta a Indiana da Louisiana saboda ba su fayyace lokacin da jami'i zai ba da umarnin ba, sun kuma dakatar da dokar Arizona ta 2022 da ta hana ɗaukar hoto a ƙasa da ƙafa takwas. Hoton mutuwar Floyd dai wata yarinya ce ta ɗauka da waya daga bakin titi.

A Mayu 2025 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta janye daga yarjejeniyoyin gyaran rundunonin Minneapolis da Louisville. A Minneapolis aikin bai tsaya ba, domin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar Minesota tana da tata yarjejeniyar ta 2023 da kotun jiha ke sa wa ido. Aurora ma tana ƙarƙashin irinta tun 2021, da ikon da SB 20-217 ta ba antoni janar na Kolorado ya binciki runduna dungurungum.

Ga wanda abin ya shafa kai tsaye, abin da ya fi kashe ƙara tun kafin a kai ga maganar riga shi ne wa'adi. Sashe na 1983 ba shi da nasa, yana aron na ƙarar rauni na jihar da abin ya faru, kuma a Kentucky da Tennessee shekara ɗaya ce kacal. Sabuwar ƙofar Connecticut shekara ɗaya, ta Kolorado biyu, ta Niyu Meziko uku. Idan kuma ƙarar ta dogara da dokar jiha ta yau da kullum a kan birni, akwai takardar sanarwa da dole a fara kai wa hukumar: kwana 90 a Niyok, wata shida a Kalifoniya. Hoton kyamara ma ana goge shi bisa jadawali idan ba a ɗaura shi da wani ƙorafi ba, a wasu wuraren cikin 'yan watanni, saboda haka lauyoyi kan aika wasiƙar neman a adana shaida tun a makon farko, kafin ma a yanke shawarar kotun da za a je.